Burtun Alhaji Na-Holan

Wani mutum ne a ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye, sunansa Alhaji Sallau, amma in ba ya wurin Na-Holan muke ce masa. Dalili kuwa, shekara talatin da suka wuce ma'aikatarsu ta taɓa tura shi kwas a ƙasar Holan, a kan gyaran injin ban-ruwa. Mako uku ne cak, har da ranar tafiya da ranar dawowa. Amma tun daga lokacin babu abin da za a ambata a duniyar nan da bai riga ya gani a Holan ba. In an ce ruwa, na can ya fi jiƙa mutum. In an ce saniya, ta can sai da tsani ake tatsarta. Akwai ranar da aka kawo mana ƙosai, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Ba laifi, amma da kun ci na Holan."

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce. Mu tara ne, yawancinmu malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suka ajiye aiki ko suke dab da ajiyewa. 'Ya'ya sun girma, Asabar ta zama ba abin yi, sai mu ɗauki madubin hangen nesa mu fita bayan gari mu zauna shiru muna kallon abin da ke tashi sama. Dangi suna ganin mun ɗan taɓu. Mun daina musu.

Alhaji ya shigo cikinmu shekarar da ya sauka daga kujerar darakta. Ya zo da shiri. Riga mai aljihu goma sha huɗu, malafa irin ta Turawan da, takalmin roba har gwiwa, da kyamara mai hanci kamar taɓarya. Abu ɗaya kawai ya manta bai sayo ba, wato sanin tsuntsu. Har yau in ka ajiye masa hasbiya da kurciya sai ya buɗe littafi, in ya gama dubawa kuma ya nuna wadda ba ita ba.

To, sai tsohon shugabanmu ya ce gwiwa ta hana shi yawon daji, a nemi wani. Kafin ya rufe baki Alhaji ya miƙe. Ba wani abu ke cikin kujerar ba. Amma mutumin da ya yi shekaru ana zabura in ya shigo ofis, yanzu ko mai gadin gidansa daga zaune yake gaishe shi, in ya hango kujera ko ta roba ce ai sai ya kai hannu. Ga shi kuma shugaban ƙungiya ake gayyata gidan rediyo sau ɗaya a shekara. Direbansa ya tsegunta mana cewa har ya fara gwada murya a mota.

Mu kuwa Malama Ladidi muka tsayar. Ba ta nema ba. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata, mace ce da in ta yi magana uku a yini sai a ce yau Malama ta yi surutu. Madubinta tsoho ne, an ɗaure gefe ɗaya da zare. Amma in tsuntsu ya yi ƙyas a cikin duhuwa, za ta gaya maka sunansa ba tare da ta ɗaga kai ba.

Aka tsayar da magana. Za mu tafi fitarmu ta shekara, mu kwana biyu a ƙauye, ranar Lahadi kafin mu kamo hanya a kaɗa ƙuri'a.

Rafin Dinya sunan ƙauyen, a bakin wata fadama can gabas da Haɗeja. Wani tsohon ma'aikacin gandun daji, Baba Ɗanlami, ya gina ɗakunan ƙasa huɗu masu jinka a ƙarƙashin tsamiya, yana saukar da baƙi irinmu. Kowane ɗaki da gadon kara, da gidan sauro, da randa mai ruwan sanyi, da 'yar fitila mai cajin rana. Ƙarshen damina ne, dawa ta sunkuyar da kai, ciyawa ta kai ƙirji. In ka zauna a bakin ƙofa, ba ka jin komai sai kukan kirinjijiya daga fadama da sautin taɓarya daga cikin gari. Ni dai ban taɓa sauka a wurin da ya kwanta mini kamarsa ba.

Alhaji ya leƙa ɗakinsa, ya fito yana yamutsa fuska.

"Baba, ina na'urar sanyaya ɗaki?"

"Ga taga nan, ranka ya daɗe."

"A Holan, gidan hutu irin wannan, maɓalli ɗaya za ka danna labule ya buɗe kansa."

"Nan ma iska tana buɗe shi, ba sai an danna komai ba."

Dokta Yero ya tuntsire da dariya. Shi likitan haƙori ne, Bazazzagi, Alhaji kuwa Bakano, don haka duk abin da ya ga dama yana faɗa masa a zauna lafiya. Ya ce, "Baba, yi masa haƙuri. Bakano ne. Tsuntsun da ya sani kawai wanda aka soya aka barbaɗa wa yaji."

"Kai tafi can," in ji Alhaji. "Gobe za ka ga ilimi."

Mun kuwa gani.

Da sassafe Baba Ɗanlami ya bi da mu ta kan kunyar gonakin shinkafa. Dokar kallon tsuntsu ɗaya ce, a yi shiru. Alhaji bai taɓa jin labarin dokar ba. Aljihunansa goma sha huɗu kowanne da abin da ke ƙara a ciki, yana tafe kacau-kacau kamar dokin biki. Muka iske farin tsuntsu a bayan wata saniya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da mu, ya saita kyamara, ya ambaci wani dogon suna na Latin.

"Wannan baƙo ne. Daga Turai ya taso. Dubi yadda ya rame, tafiyar wata biyu ce a jikinsa."

Baba ya leƙa. "Balbela ce, Alhaji. A kan tsamiyar bayan ɗakinka aka ƙyanƙyashe ta."

"Irinsu ɗaya, shi ya sa."

Can wajen hantsi Malama Ladidi ta tsaya cak. Ta nuna da haɓa. A tsakiyar ruwa, nesa kaɗan, gauraka biyu ne tsaye, tukkunsu yana sheƙi a rana. Wasunmu shekara shida suna neman wannan gani. Kowa ya riƙe numfashi, ana ɗaga madubi a hankali. Sai Alhaji ya hango su.

"GA SU CAN! Jama'a ga gauraka! Ni na fara gani!"

Fuuu! Suka tashi. Mutum huɗu ba su ga komai ba sai ƙafafu. In da a nan aka kaɗa ƙuri'a, ko ta direbansa Alhaji ba zai samu ba. Shi ma ya ji a jikinsa, don duk hanyar dawowa bai ambaci Holan ba sai sau biyu.

Da rana muna cin tuwon dawa da miyar kuka da gasasshiyar karfasa a inuwar tsamiya, Baba Ɗanlami ya shiga lissafa mana tsuntsayen da suka ƙaurace wa yankin.

"Tuje ya tafi. Jimina sai labari. Burtu kuwa, rabona da shi tun kafin kwalta ta zo garin nan, yau shekara ashirin."

Burtu, ga wanda bai sani ba, wani baƙin tsuntsu ne, ya fi talotalo girma, mai dogon baki da ƙaho a ka da jan maƙogwaro. A ƙasa yake yawo cikin ciyawa yana tsince-tsince.

Malama Ladidi ta ce, "Shi kaɗai ne ban taɓa gani ba sai a littafi."

Kunnen Alhaji ya motsa. "Ni na sha ganinsa. A Holan..."

"Babu burtu a Holan, Alhaji," in ji Malama.

"A gidan zu nake nufi."

Ya ci gaba da tauna ƙayar kifi, ido ya kafe wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama da ma'aikacin gwamnati ya san wannan kallo. Kallon mai neman hanyar da zai tsallake layi ne.

Bayan la'asar kowa ya miƙe ƙafa a tabarma, sai muka ga Alhaji ya rataya kayansa ya zame ta bayan ɗakuna shi kaɗai. Rana ta kusa faɗuwa sai ga shi a guje, malafa a hannu, tumbi yana gaba yana biye.

"Na gan shi! Wallahi na gan shi!"

"Wa? Mai binka bashin gaisuwa?" in ji Dokta Yero.

"Burtu!"

Ya miƙa kyamara. Muka taru. Hoton ciyawa ne, kore shar, daga wannan gefe har wancan. Amma a tsakiya, in ka ƙura ido, ga wani baƙin wuya, ga dogon baki, ga ƙaho, ga ɗan ja a maƙogwaro. Gaskiya ɗaya ce, kan burtu ne.

Malama Ladidi ta daɗe tana kallo. "Shi kaɗai ne, Alhaji? Su bibbiyu suke yawo."

"Gwauro ne."

"Ka ga jikinsa?"

"Malama, ciyawa ta kai ƙirjina. So kike ya hau kujera ya tsaya mini?"

Baba Ɗanlami ya karɓi kyamarar, ya kai ta kusa da hanci, ya mayar nesa. "A ina ka gan shi, ranka ya daɗe?"

"Bayan gonakin dawa, wajen wata ƙatuwar kuka."

"Af. To ai Alhaji, wannan wajen..."

"Baba, dakata. Na san abin da za ka ce, shekara ashirin ba ka gani ba. Ba laifinka ba ne. Ido daban, ilimi daban. Kai ka ji da ɗakunanka da randunanka, ka bar wa masu abin abinsu."

Baba ya dube shi. Ya dubi hoton. Ya miƙa masa kyamararsa da hannu biyu. "Haka ne, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara ilimi." Ya juya ya nufi cikin gida, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka tari ne ya sarƙe shi.

Alhaji ya gyara tsayuwa, ya sa hannu a aljihu na bakwai. Ya ce shi ba ya son a wahalar da jama'a da ƙuri'a. Shugabanci na mai ido ne. Gobe da safe zai kai mu, ya nuna mana tsuntsun da aka shekara ashirin ba a gani ba. In ya nuna, Malama ta janye, a ba shi kujera ba hamayya.

"In kuma ba ka nuna ba fa?" in ji Dokta Yero.

"Ni na janye. Ku rubuta."

Duk muka juya ga Malama Ladidi. Ta gyara mayafi. "In na ga burtu da ransa, Alhaji, kujera ai ƙaramin tukwici ce. Na yarda."

Kafin a kira magariba ya tura hoton wa duk wanda ke cikin wayarsa. Tsofaffin abokan aiki, surukai, limamin unguwa, har da wani ɗan jarida. A ƙasa ya rubuta: Wanda ya gano, Alhaji Sallau, Shugaba mai jiran gado.

Lahadi, gari na wayewa muka fita, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Alhaji a gaba, yau har ya kwashe tarkacen aljihunsa don kada su yi ƙara. Baba Ɗanlami ya biyo mu a baya, ya ce don kada mu ɓata, alhali kukar ana hango ta daga bakin ɗakuna. Muka hau wani ɗan tudu muka duƙa. Gabanmu fili ne na dogayen ciyayi. Can gefe, inda ciyawar ta yi gajarta, garken zabin daji ne, sun fi ashirin, suna kiwo hankali kwance.

Minti goma. Minti ashirin. Gumi ya fara tsattsafo wa Alhaji. Sai ga wani abu baƙi ya ɗago daga cikin ciyawa. Ya sunkuya kamar mai tsintar ƙwaro. Ya ɗago. Ya juya hagu, ya juya dama. Ya matsa gaba kaɗan.

Alhaji ya kusa shiɗewa don daɗi. Da raɗa, amma irin raɗar da ake ji a ƙauye na gaba, ya ce, "To! Gani ya kori ji. Malama, bisimilla."

Malama Ladidi ta ɗaga tsohon madubinta. Ta duba. Ta murɗa, ta sake dubawa. Sannan ta sauke shi a hankali, ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta, ta zauna a ƙasa.

"Kuka take," in ji Alhaji. "Ba komai Malama, faɗuwar zaɓe ba mutuwa ba ce. Zan ba ki mataimakiya."

Dokta Yero ya karɓi madubin ya duba. Na ga wuyansa ya kumbura. Ya haɗiye abin da ya taso masa da ƙyar, ya ce, "Kai, Alhaji, yau na sallama wa Kanawa. Don Allah ƙara mana haske. Namiji ne ko mace?"

Abin nema ya samu. Alhaji ya gyara malafa.

"Namiji ne. Dubi jan wuyan. Shekararsa ba ta wuce bakwai ba, a tafiyarsa ake ganewa. Ka ga yadda yake ɗaga kai sau biyu ya sauke sau ɗaya? Alamar ƙoshin lafiya ke nan."

"Ikon Allah. Ni kuwa sai na ga kamar ba ya ƙifta ido."

"Ba sa ƙiftawa da safe."

"Kuma tun ɗazu yana sunkuyawa, ban ga ya buɗe baki ba."

"Ta gefe suke ci. Yero, in ba ka san abu ba ka riƙa yin shiru."

A daidai nan sai muka ji wani sauti daga wajen burtun. Ƙoho. Ƙoho-ƙoho. Irin tarin wanda ya daɗe yana shan taba, yana kuma ƙoƙarin danne shi.

Muka dubi juna. Alhaji ya ɗaga yatsa. "Kun ji? Kukan neman aure ke nan. Na gaya muku gwauro ne."

"Allah sarki," in ji Dokta Yero. "To Alhaji, hoton jiya ai ciyawa ce zalla. Gidan rediyo ba za su yarda ba, sai da jiki. Ga kyamara, ga ilimi. Ko sai dai a Holan ake matsawa kusa?"

Ba a gama faɗa ba Alhaji ya tuɓe takalman robansa. Ni na so in yi magana, don ni ma na duba na ga wata igiyar fata a gindin wuyan tsuntsun da ban taɓa gani a littafi ba. Amma mutumin da ya ce wa mai gari ya ji da randunansa, ni wace ce?

Ya kwanta rub da ciki. Ya shiga ciyawa.

Wanda bai taɓa ganin tsohon darakta yana jan ciki ba, bai ga komai ba. Kai ya ɓace, ƙafa ta ɓace, amma akwai sashen jikin da ya ƙi ɓoyuwa, yana tafe sama da ciyawa kamar an kifa ƙwarya a ruwa. Ƙarangiya ta kama riga, ta kama wando, ta cika duk aljihu goma sha huɗu. Ya faɗa wani kwari, caɓal! Ya fito rabinsa taɓo. Can muka ga ya yi wani irin tsalle a kwance yana marin cinya, muka san ya bi ta gidan cinnaka. Amma bai fasa ba. Kujera ba wasa ba.

Burtu yana gaba yana matsawa wajen zabi, Alhaji yana baya yana matsawa wajen burtu. Saura taku goma. Saura shida. Sai burtun ya tsaya, ya juyo da baki ya kalli Alhaji. Ya kaɗa kai da ƙarfi, irin na koma baya. Alhaji ya ɗauka gaisuwa ce. Don ya kwantar masa da hankali, sai ya tattara leɓe ya yi masa abin da yake ganin kukan macen burtu ne.

"Guuum. Gum-gum. Guuum."

Zabi suka ɗaga kai.

Daga cikin ciyawa, ƙasa da bakin burtun, wata murya ta fito a shaƙe: "Bawan Allah, ka yi wa girman Allah ka yi shiru."

Mu a kan tudu mun ji. Alhaji kuwa ko bai ji ba, ko kuma ya ɗauka a cikin ilimin akwai inda burtu ke Hausa. Ya ɗaga kyamara ya danna. Ƙyas! Haske ya walƙa.

Firrrr! Zabi ashirin suka tashi lokaci guda, suna zagin duk wanda ke wurin.

Sai burtu ya fara tsawo.

Ya yi sama. Ya ƙara sama. Ƙarƙashin wuya sai ga goshi. Ƙarƙashin goshi sai ga idanu biyu jajur. Sai ga gemu. Sai ga kafaɗu cikin baƙar riga, da layu, da bindiga harba-ka-ruga a hannu. Mutum ne sukutum, dogo, baƙi, ya ɗaura kan burtu a goshi da igiyar fata. Dabarar maharba ce tun kaka da kakanni. Namun daji ba sa gudun burtu, don haka maharbi yakan samu ƙoƙon kan tsuntsun ya kafa a kan itace, ya rufe da fata, ya ɗaura, ya shiga ciyawa da rarrafe yana kaɗa shi har ya isa inda harsashi zai kai.

Alhaji bai tsaya jin wannan bayani ba. "Innalillahi! Aljani! Wayyo Allah, jama'a!" Ya yi baya, ƙafa ta zame, tim! Ya koma cikin kwarin da ya fito, kyamara a sama, shi a ƙasa.

Muka gangaro. Dokta Yero sai da aka riƙe shi, don dariya ta hana shi tafiya. Baba Ɗanlami ya iso a natse, hannu a baya.

"Nomau, an tashi lafiya? Ya mai jego?"

"Lafiya lau Baba, amma ba lafiya ba!" in ji maharbin, kan burtu yana rawa a goshinsa. "Baƙonka ne wannan? Jiya na yi awa biyu ina jan ciki, saura ƙiris, ya zo yana haska mini wuta ya kore su. Yau ma ga shi! Jibi suna a gidana, me zan ba mutane? Hoto?"

"Yi haƙuri. Masani ne, daga birni."

Aka jawo Alhaji. Taɓo har kunne, ƙarangiya har gira. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Amma mai cika baki ba ya mutuwa da wuri. Ya tofar da ciyawa, ya gyara murya.

"Ai... ai na sani. Tun jiya na gane. Gwada su nake, in ga wa ya san aiki."

"Shi ya sa ka yi masa kukan mace?" in ji Dokta Yero. "Nomau, ka gode wa Allah zabin nan sun tashi. Da yanzu an sa rana."

"Kai Yero, bar wannan. Maganar da aka yi, zan nuna burtu. Wannan kan mene ne? Kan kaza ne? Malam, faɗa musu tsakaninka da Allah, ba kan burtu ne na gaske ba?"

"Na gaske ne," in ji Nomau. "Kakana ya harbe shi, zamanin ana biyan haraji da gyaɗa."

"To kun ji!"

Malama Ladidi ta sauke mayafi daga bakinta. Maganarta ta farko ke nan a ranar. "Da ransa muka ce, Alhaji."

Dokta Yero ya cire hula ya rusuna mata. "Ranki ya daɗe, Shugaba."

A aljihun Alhaji waya ta fara ruri. Ya ciro ta da taɓo, muka ga sunan ɗan jaridar nan. Ya mayar da ita aljihu tana ta kuka.

Nomau dai bai gane zancen kujera ba, bai kuma damu ba. Ya kwance igiyar, ya sauke kan burtun, ya tsaya yana jujjuya shi a hannu. Fatar ta tsage, ido ɗaya ya fita, an toshe gurbin da jar ƙwayar tsiron nan idon zakara. Ya dubi kan. Ya dubi Alhaji tun daga malafa har yatsun ƙafa. Fushin ya sauka daga fuskarsa, wani abu kamar godiya ya maye gurbinsa.

"Amma fa Alhaji ka taimake ni," ya ce. "Shekara ashirin da bakwai ina ɗaura kan nan. Yanzu fakara ta gane shi. Zomo ya gane shi. Gada in ta hango ni tsaki kawai take yi ta ci gaba da kiwo. Har na ce bana zan jefar da shi, ya gama aiki."

Ya hure ƙurar da ke kan ƙahon, ya mayar da shi goshi, ya ɗaure tamau.

"Ashe da sauran dabbar da yake ruɗa a dajin nan."